Malamin Hausa da Zane a Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa leƙa makarantun firamare a lokacin koyarwar gwaji ya san irin faman da ɗaliban kwalejojin ilimi ke yi da kayan koyarwa. Ana gobe malamin da zai duba darasi zai zo, sai ɗalibi ya sayi farin kwali da alƙaluman launi, ya nufi wurin mai rubuta allon shaguna, ko ya lallaɓi wani abokinsa na sashen zane-zane ya zana masa raƙumi ko tulu. Da intanet ta shigo wayar hannu sai hanyar ta sauya: a nemo hoto, a kai shagon buga takardu, a liƙa a kwali, a shiga aji. Aikin ya yi sauƙi, amma wata matsalar da ta fi ta farko girma ta ɓullo, kuma ba kasafai ake lura da ita ba.

Matsalar ita ce hoton da ake samowa ba na duniyar yaron ba ne. Malami yana son koyar da kalmar "gida", sai ya ɗaga hoton wani gini mai jan rufi da bututun hayaƙi a samansa, ga ciyawa kore shar a ƙofa. Yaron da ya tashi a Gwaram ko Illela ya san gida ne da zaure da katanga da tsakar gida, rumbu a wannan gefe, turken awaki a wancan. Idan aka nuna masa wancan hoto aka ce masa "gida", an ɗora masa aiki biyu a lokaci guda: ya gane baƙaƙen, sannan ya yarda cewa wurin da yake kwana ba shi ne ainihin gida ba. Tun a shekarar farko ake karantar da ɗalibin kwaleji cewa koyarwa tana tashi ne daga abin da yaro ya sani zuwa abin da bai sani ba. Hoton aro yakan kifar da wannan ƙa'ida ba tare da malamin ya ankara ba. Wasu kalmomin ma ko an kwana ana nema da wuya a dace da hotonsu mai kyau, kamar akurki da maburgi da faifai da zunguru da magirbi da murhu mai duwatsu uku. Irinsu ne kuwa darasin Hausa yake tsaye a kai.

Saboda haka ya kamata zane da manhajar kwamfuta ya shiga cikin abubuwan da ɗalibin Hausa zai fita kwaleji da su, maimakon a bar shi ga 'yan sashen zane-zane ko na kwamfuta kaɗai. Ba ana nufin kowane malami ya zama gwanin zane ba ne. Abin da ake nema shi ne ya iya zana abu ta yadda yaro ɗan shekara shida zai kalla ya ambaci sunansa ba tare da an gaya masa ba. Dalilin fifita kwamfuta a kan kwali kuwa a fili yake. Kwali guda ɗaya ne, kuma kafin ƙarshen zango ya yage, ko ruwa ya taɓa shi, ko gara ta ci rabinsa. Zanen da ke cikin na'ura ana iya buga shi sau ɗari, a aika wa abokin aiki ta WhatsApp, a sauya sunan da ke ƙarƙashinsa daga "fartanya" zuwa "hauya" inda haka ake faɗa, alhali zanen yana nan yadda yake.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce yadda ake zato. A 1963 Ivan Sutherland ya nuna wata manhaja mai suna Sketchpad a Amurka, wadda ake zane da ita kai tsaye a fuskar kwamfuta. MacPaint ta fito a 1984, Paint ta kamfanin Microsoft ta biyo baya a 1985, CorelDRAW a 1989, Photoshop kuma a 1990. Daga cikinsu CorelDRAW ce ta fi samun gindin zama a shagunan ɗab'i na Nijeriya, da ita ake haɗa katin biki da kalanda da fastar 'yan siyasa. Wannan ya sa mutane da yawa suke ɗaukar zanen kwamfuta a matsayin jera hotuna da rubutu a shafi. Jerawa daban, zane daban.

Abu na farko da mai koyo zai rarrabe shi ne cewa zanen kwamfuta iri biyu ne. Akwai wanda aka gina da ƙananan ɗigogi masu launi, jere a layi-layi kamar saƙar tabarma. Irinsa ne Photoshop da Krita da GIMP suke yi. Ya fi kama da fenti na gaske, yana karɓar inuwa da cakuɗa launi, amma idan aka faɗaɗa shi fiye da ƙima sai ya dusashe, gefensa ya yi gargada. Akwai kuma wanda kwamfuta take riƙewa a matsayin layuka da lanƙwasa na lissafi, irin na CorelDRAW da Illustrator da Inkscape. Shi wannan ko an mayar da shi girman bango ba ya lalacewa. Taswira da jadawali da zanen gaɓoɓin furuci, wato harshe da ganɗa da hanƙa da maƙwallato, sun fi dacewa da na biyun. Hoton tatsuniya ko na kasuwar ƙauye ya fi dacewa da na farkon.

Amma abin da ya fi kome amfani ga malami a cikin waɗannan manhajoji shi ne tsarin shimfiɗa, wanda Photoshop ta shigo da shi cikin tsarinta a 1994, kuma yanzu kusan kowace manhajar zane tana da shi. A ƙaddara an ɗora fararen ledoji masu shara-shara, ɗaya bisa ɗaya, kowace an zana wani ɓangare na hoto a kanta. Mai kallo daga sama hoto guda yake gani, amma ana iya zare kowace leda ba tare da an taɓa sauran ba. Mai zanen rumbu zai yi tsarin farko da layuka barkatai a shimfiɗar ƙasa, ya ɗora wata ya bi da tsaftataccen layi, ya zuba launin jar ƙasa da na jinka a ta uku, inuwa a ta huɗu, sunan abin kuma a ta biyar. Daga wannan aiki guda malami ya sami kayan darasi da dama. Idan ya ɓoye shimfiɗar launi, ya sami takardar da yara za su shafa wa launi da kansu. Idan ya ɓoye ta suna, ya sami tambayar jarrabawa: "Rubuta sunan wannan abu." Idan hoton tiren mai talla ne, kowane ƙosai a shimfiɗarsa, sai ya rage ko ya ƙara, darasin ƙidaya ya samu. Ko da wannan kaɗai ɗalibi ya fahimta sosai, ya ci ribar zamansa a gaban na'ura.

Sai batun abin riƙewa. Zane da linzamin kwamfuta yana yiwuwa, amma wahala ce, domin ba a yi shi don bin lanƙwasar layi ba. Abin da masu sana'ar ke amfani da shi wani ɗan allo ne da alƙalaminsa, wanda kamfanin Wacom na Japan, da aka kafa a 1983, ya yi fice wajen ƙerawa, kafin wasu kamfanoni su kawo masu rahusa. Alƙalamin yana jin nauyin hannu. Na zamani da yawa suna rarrabe matakan dannawa har 8,192. In an danna layi ya yi kauri, in an sassauta ya sirance. Wanda ya yi karatun allo ba baƙo ba ne ga wannan, domin haka alƙalamin kara yake ba da kauri da siranta gwargwadon yadda aka riƙe shi aka juya. Abin da ke ba sabon shiga wuya shi ne hannu yana kan allon, ido kuma yana kan fuskar kwamfuta. Kwanakin farko mutum zai ga kamar hannun ba nasa ba ne. Sabo ne kawai maganinsa.

A nan ne fa masu ɗokin na'ura suke yin kuskure. Manhaja ba ta koya wa kowa zane. Tana da burushi iri-iri da launukan da ba su ƙirguwa, amma ba ta san siffar tulu ba. Wanda bai iya kallo ba, ko an ba shi na'ura mafi tsada, zai zana bakin randa a matsayin cikakkiyar da'ira alhali yana kallonta daga gefe, inda bakin ya kamata ya fito a shafe kamar ƙwai. Zai sa inuwar bishiya ta faɗi gabas, ta mutumin da ke ƙarƙashinta kuma ta faɗi yamma. Don haka tsarin koyo ya kamata ya fara da ido, sannan hannu a kan takarda, na'ura ta zo daga baya. A ajiye turmi na gaske a gaban ɗalibai, a ba su fensir, su gano da kansu cewa sama da ƙasansa sun fi tsakiyarsa faɗi. Su gane cewa tulu ƙwallo ne da aka ɗora wa wuya, rumbu kuma ganga ce da aka kifa wa malafa. Su lura da inda haske yake fitowa, da yadda abin da ke nesa yake ƙanƙancewa. Makonni kaɗan na irin wannan zama sun fi wata shida na latsa maɓallai.

Hasali ma wasu daga cikin sauƙin da manhaja ta kawo tarko ne ga mai koyo. Akwai maɓallin warware abin da aka yi, wanda yake goge layin ƙarshe kamar ba a taɓa jan sa ba. Alheri ne ga gwani, amma sabon shiga yakan ja layi ya warware, ya sake ja ya warware, har sau ashirin, yana jiran sa'a ta ba shi mai kyau. Hannunsa ba zai taɓa tsayuwa ba. Mai zane da biro a takarda ya san ba gyara, don haka yakan duba da kyau kafin ya ja. Haka kuma damar kusanto da hoto takan sa ɗalibi ya ɓata awa guda yana gyaran ƙwayar idon akuya, abin da yaron da ke bencin baya ba zai taɓa hangowa ba. Zanen aji yana son layi mai kauri da launi kaɗan da fili a bayansa. Ado mai yawa ɓatar da yaro yake yi.

Akwai hanyar da ke taimaka wa mai rauni a zane, kuma babu aibi a cikinta: ya ɗauki hoton abin da wayarsa, ya sa shi a shimfiɗar ƙasa, ya bi gefensa da layi a shimfiɗar sama, sannan ya cire hoton. Matuƙar hoton nasa ne, aikin nasa ne. Abin ƙi shi ne a bi zanen wani a sa suna, domin zane yana da haƙƙin mallaka kamar littafi, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi ayyukan da ke yawo a intanet. Mai buƙatar hoton da aka halatta ɗauka yana iya duba taskoki irin su African Storybook da StoryWeaver, waɗanda suke da labaran yara da Hausa a ƙarƙashin lasisin da ya yarda a kwafa a rarraba, muddin an ambaci mai aikin. Sai dai da yawa daga cikin labaran fassara ce, hotunansu kuma an zana su ne don yaran wasu ƙasashe. Giɓin dai yana nan.

Wani wurin da ɗalibai ke tuntuɓe shi ne wajen bugawa. Hoton da ya yi kyau a fuskar waya yana iya fitowa a dusashe a takarda, saboda an fara shi a ƙaramin fili. Ƙa'idar masu ɗab'i ita ce ɗigo 300 a kowane inci, wato shafin A4 yana bukatar ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo, kuma tun kafin a ja layin farko ake saita wannan. Launi ma yakan sauya, domin fuskar na'ura tana haɗa launi ne da hasken ja da kore da shuɗi, injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake aiki, shi ya sa kore mai sheƙi yakan fito a mace. Bugu da ƙari, yawancin makarantu hoton takarda baƙi da fari suke iya yi. Jan tumatir da koren ganyensa suna iya zama toka iri ɗaya. Mai hankali yakan mayar da zanensa baƙi da fari a na'ura ya duba kafin ya kashe kuɗinsa. Sannan ga matsalar da ta keɓanta da Hausa, wato baƙaƙe masu ƙugiya. Yawancin salon rubutu na ado ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai su fito a matsayin akwati, ko ɗalibi ya gaji ya rubuta "kofa" a ƙarƙashin hoton ƙofa. Malamin Hausa ba shi da uzurin wannan. Akwai salon rubutu na kyauta mai suna Andika, wanda aka tsara musamman don masu koyon karatu, yana da dukkan waɗannan baƙaƙe, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Na farko kuɗi da wutar lantarki. Gaskiya ne tun 2013 kamfanin Adobe ya mayar da Photoshop ta haya, ana biya wata-wata ko shekara-shekara, abin da aljihun ɗalibi ba zai ɗauka ba, kwafen sata da ke yawo kuma bai dace da mai shirin tarbiyyar yara ba. Amma Krita da GIMP da Inkscape kyauta ne, halal ne a sauke su a kwafa wa kowa, kuma ba su bukatar intanet wajen aiki. Wani abin sha'awa, kalmar "krita" a harshen mutanen Suwidin tana nufin alli. Wanda ba shi da kwamfuta ma yana da manhajojin waya irin su ibisPaint da Sketchbook, masu tsarin shimfiɗa, ana zane da yatsa. Hanya mafi dacewa da halin da ake ciki ita ce a yi zanen a takarda da rana, a ɗauki hotonsa, a tsaftace a zuba launi a waya lokacin da aka sami caji.

Hujja ta biyu ta shafi addini. Ɗalibai da yawa suna ƙyamar zana abu mai rai, kuma malaman addini sun yi maganganu a kan mas'alar, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta ga abin da aka yi don koyar da yara. Ba aikin kwaleji ba ne ta tilasta wa ɗalibi abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba. Amma ko an ajiye mutum da dabba gefe, abin da ya rage yana da yawa: kayan noma da na girki da na saƙa da na ƙira, itatuwa da amfanin gona, sutura, gine-gine, taswirar ƙasar Hausa.

Hujja ta uku ita ce ta zamani. Tun daga 2022, lokacin da manhajoji irin su Midjourney da Stable Diffusion suka bazu, mutum yana iya rubuta jimla guda na'ura ta ƙirƙiro masa hoto. To me ya rage na koyon zane? Amsar tana cikin yadda waɗannan manhajoji suke aiki. Daga tarin hotunan da ke intanet suka koya, kuma kayan Bahaushe ba su da yawa a wannan tari. Abin da na'ura ba ta gani sosai ba sai ta cike shi da abin da ya yi kama da shi, ta ba da shi da ƙyalli mai ruɗar ido. Tana iya ɗora wa sarki rawanin wata ƙasa, ko ta haɗa zaure da ƙofar da ba a taɓa ginawa a Kano ba. Ba laifi malami ya yi amfani da su. Sai dai wanda zai gane kuskuren, ya kuma buɗe hoton ya gyara shi, shi ne wanda ya koyi kallo ya kuma san shimfiɗa da burushi.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba, wato na salo. Da yawa daga cikin darussan zane da matasa ke kallo a YouTube suna koyar da salon zanen barkwancin Japan ne, mai manyan idanu da siririn haɓa. Mai koyo yakan kwashe salon tare da dabarar, har ya zana Gizo da Ƙoƙi kamar baƙi. Alhali Bahaushe yana da gadon zane nasa mai zurfi: zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, da adon da magina ke fitarwa a fuskar soraye a Zariya da Kano da Damagaram, da dagi, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da sassaƙar ƙwarya, da ƙunshin zamani na mata. Yawancinsu an gina su ne a kan maimaici da daidaiton dama da hagu, kuma manhaja irin Krita tana da kayan aikin da in an ja layi a gefe guda sai ya fito a ɗaya gefen kamar a madubi. Gefen shafin littafin yara da aka ƙawata da irin wannan ado ya fi furannin aro ma'ana. A 1958 wasu ɗaliban zane a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiya a kan wannan tunani: a karɓi kayan aikin Turawa, amma a zana da idon gida. Abin da suka faɗa a kan fenti da burushi bai sauya ba don burushin ya koma cikin na'ura.

Abin da kwaleji za ta yi ba mai yawa ba ne. Sashen Hausa yana iya haɗa kai da sashen zane-zane da cibiyar fasahar koyarwa na tsawon zango guda, rabin farko a kan takarda, rabi na biyu a na'ura. Maimakon kwalin da ake ba maki a jefar, a nemi kowane ɗalibi ya zana abubuwa goma daga garinsu, da sunan kowane yadda ake faɗarsa a can da kuma a daidaitacciyar Hausa. Ɗan Argungu zai kawo koma da gora, ɗan Bichi ya kawo kayan gona, 'yar Daura ta kawo kayan jere. A ajiye kowane zane a fayil biyu, ɗaya wanda aka haɗe don bugawa, ɗaya kuma da shimfiɗunsa a rarrabe, da sunan wanda ya zana a jiki, domin ɗalibin da zai zo baɗi ya iya buɗewa ya sauya suna ko launi gwargwadon ajin da aka tura shi.